Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Malami Da Na Ɗalibi Kafin Lakca Ta Intanet



A zangon karatun da ya wuce ni ne wakilin ajinmu, muƙamin da duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san ba shi da albashi sai zagi. Wata ranar Talata da yamma ɗaya daga cikin malamanmu ya kira ni ya ce tafiya ta kama shi, zai yi mako uku ba ya gari, don haka lakcarsa za ta koma Zoom, ƙarfe takwas na dare. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na sa sanarwa a zauren WhatsApp na aji, kowa ya amsa da "Allah Ya kai mu."

Mu 160 ne a ajin. Abin da ni da malam duka ba mu sani ba shi ne, Zoom na kyauta mutum 100 kacal yake ɗauka, kuma da minti 40 sun cika yake yankewa. Takwas da 'yan mintuna wayata ta fara ruri: "Kilas ref, ya ƙi shiga fa!" Waɗanda suka samu shiga kuwa, kusan rabinsu ba su kashe makirfo ba. Ga kukan jariri, ga hon ɗin adaidaita sahu, ga wani yana cinikin indomi da ƙwai a teburin mai shayi, duk muna ji. Malam ya yi ta cewa a yi shiru har muryarsa ta dishe, sannan ya buɗe handawut ya shiga karantawa. Yana tsakiyar bayanin lissafin da duk kwas ɗin ya dogara a kai, sai ɗif, lokaci ya cika. Kafin a turo sabon linki an ɗauke wuta a hostel, masu guntun caji suka zame.

Haka muka yi sau uku. Da malam ya dawo ya yi mana tes a kan abin da ya ɗauka ya koyar. Ba sai na faɗi yadda sakamakon ya kasance ba. Akwai 'yan ajinmu da har yau suke ɗauke da kwas ɗin a ka. Ranar a zaure aka yi ta tsine wa karatun intanet, ni ma na sa baki.

Abin da ya sa na sake tunani shi ne, a wannan zangon dai, wata malama ta koyar da mu kusan rabin kwas ɗinta ta waya, kuma ba a ji kan kowa ba. Aji ɗaya, wayoyi ɗaya, wutar dai ita ce, sabis ɗin shi ne. To mene ne bambancin? Da na tambaye ta, sai ta ce ta taɓa halartar bita ta musamman kan koyarwa daga nesa. Wannan ya sa na shiga bin diddigin lamarin, kuma abin da na fahimta nake son mu raba.

Karatun nesa ba baƙo ba ne

Da yawanmu muna ɗauka da korona aka fara wannan abu. Ba haka ba ne. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar ba da digiri ga waɗanda ba sa zaune a cikinta. A 1969 aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ingila, wadda ta riƙa koyarwa ta rediyo da talabijin da littattafan da ake aikawa ta gidan waya. A nan gida, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, tun 1976 take horar da malaman makaranta daga nesa; ƙila a gidanku ma akwai wanda ya yi NCE ta wannan hanya, yana koyarwa a mako, yana zuwa cibiyar karatu a ƙarshen mako. Jami'ar NOUN an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo.

Abin lura game da waɗannan makarantu shi ne, kafin ɗalibi ya fara, an riga an rubuta masa littafin kwas kashi-kashi, kowane kashi da manufarsa da tambayoyin gwada kai, an kuma tanadi wanda zai je wurinsa idan ya maƙale. Watanni ake ɗauka ana wannan shiri.

Abin da ya faru a 2020 daban ne. A watan Maris Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu saboda annoba, ba a daɗe ba Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Malamin da ya shekara ashirin da alli da allo aka ce gobe ya buɗe kwamfuta ya koyar. Masana ma sun ba wannan yanayi sunansa na daban, koyarwar gaggawa daga nesa, don kada a haɗa shi da karatun intanet da aka zauna aka tsara. Matsalarmu ita ce annobar ta wuce, amma salon gaggawar ya zauna mana. Shi muka yi a ajinmu ranar Talatar nan.

Hanya biyu ce

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance abu biyu. Akwai lakcar kai-tsaye, inda malami da ɗalibai suke haɗuwa a lokaci guda ta Zoom ko Google Meet. Akwai kuma wadda malami yake ajiye darasi, ko rubutu ko murya ko bidiyo, kowa ya ɗauka lokacin da ya samu hali, ya yi aiki ya mayar kafin wa'adi. Don wannan ta biyun aka ƙirƙiri manhajoji irin su Moodle, wadda ta fito a 2002 kuma kyauta ce, da Google Classroom da ta fito a 2014.

Ta farkon tana da daɗin tambaya da amsa nan take, amma tana buƙatar kowa ya samu caji da data da sabis mai ƙarfi a daidai wannan awa. Wanda ya rasa ɗaya cikin ukun ya yi asarar darasin. Ta biyun ta fi haƙuri da talaka: in babu sabis da dare, da asuba ka sauke. Amma ita kuma tana buƙatar ɗalibi mai iya tsare kansa. Malamarmu ta biyun ta dogara a kai, kai-tsaye sau ɗaya kawai take yi a mako biyu, shi ma don amsa tambayoyi.

Me malami yake buƙatar koya?

Kada wani ya ɗauka raini ne a ce malami ya je a koya masa. Yawancin malaman foliteknik an ɗauke su ne bisa ƙwarewarsu a fanninsu, injiniya ne, akanta ne, masanin kimiyya ne. Sanin abu daban, iya koyar da shi daban, iya koyar da shi ga mutanen da ba ka ganin fuskarsu kuma wani abu ne na uku. A cikin aji, malami yana kallonmu. Ya ga an fara hamma, ya jefo barkwanci. Ya ga an yi tsuru-tsuru, ya san ba a gane ba, ya maimaita. A intanet duk wannan babu. Abin da ido yake yi masa a aji, dole tsari ya yi masa a waya.

Na farko dai sanin na'ura: yadda ake kashe makirfon kowa lokaci guda, yadda ake nuna rubutu a fuskar waya, yadda ake naɗar darasi don wanda bai samu shiga ba, da sanin iyakar manhajar da ake amfani da ita. Da malaminmu ya san maganar mutum 100 da minti 40, da ya raba mu gida biyu ko ya canza hanya. Wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙi, kwana biyu sun isa.

Na biyu, kuma mafi wuya, shi ne sake fasalin darasin kansa. Lakcar awa biyu ba ta shiga waya yadda take. A 2014 wasu masu bincike ƙarƙashin Philip Guo suka duba yadda aka kalli bidiyon darussa a dandalin edX har sau miliyan 6.9, suka gano cewa akasari mai kallo ba ya wuce kamar minti shida yana biye, komai tsawon bidiyon. Malamarmu saƙon murya take turowa, minti biyar zuwa bakwai, kowanne a kan batu guda, tare da shafi biyu ko uku na rubutu mai misali da aka warware daki-daki. In ba ka gane ba ka sake saurara. Ba wanda zai ce maka ka cika tambaya.

Na uku shi ne ɗalibi ya ji cewa akwai mutum a can ɓangaren. Wasu malaman da sun zuba handawut a zaure shi ke nan, sai ranar jarrabawa. Ita kuwa ta faɗa mana tun ranar farko cewa Laraba da Asabar, daga bayan La'asar zuwa Magariba, tana kan waya don tambayoyi, sauran lokuta kuma a yi mata uzuri. Ta huta da kiran tsakar dare, mu kuma mun san lokacin da za mu same ta.

Na huɗu shi ne auna fahimta. Duk mun san abin da ke faruwa idan aka ba da aiki iri ɗaya ga mutum 160: mutum biyar ne za su yi, saura su kwafa, har da kuskuren rubutun. Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, abin ya ƙara sauƙi. Malamin da ya samu horo ya san dabarar. Ita takan ce kowa ya yi amfani da lambobi ukun ƙarshe na lambar rajistarsa a cikin lissafin, don haka amsar kowa daban. Wani lokaci ta ce ka naɗi muryarka na minti ɗaya kana bayanin yadda ka samo amsar. Ga kuma ɗan gajeren gwaji duk mako ta Google Forms, tambaya biyar, wanda yake nuna mata inda aji ya maƙale tun kafin a yi nisa.

Na biyar shi ne sanin halin da ɗalibansa suke ciki. Malamin da yake da wayafai a ofis yana iya turo fayil mai nauyin megabayit 80 bai ji komai ba. Horo ne yake koya masa ya rage nauyin fayil, ya rubuta yadda za a iya karantawa a ƙaramar waya, ya kuma ba da wa'adin kwana biyu ko uku maimakon awa biyu.

Laifi tudu ne

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mun yi maganar malamai, saura mu.

Akwai wani ruɗi da muke yi wa kanmu, wai tunda mun iya TikTok da Facebook mun iya kwamfuta. A matsayina na wakilin aji na ga abin mamaki. Na ga wanda yake da mabiya dubbai amma bai san yadda ake liƙa fayil a imel ba. Na ga waɗanda ba su san lambar sirrin imel ɗinsu ba, domin mai kafe ne ya buɗe musu lokacin rajistar JAMB, kuma tun ranar ba su sake shiga ba. Na karɓi aikin da aka ɗauki hotonsa a duhu, a karkace, sunan fayil ɗin wasu lambobi ne barkatai, babu suna babu lambar rajista. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya, amma danna A, B, C ko D bai mai da mutum mai iya kwamfuta ba.

Ga abin da nake ganin kowane ɗalibi ya kamata ya iya kafin mako na biyu na zango: shiga imel ɗinsa da kansa, mayar da hoton takarda zuwa PDF mai karantuwa, sa wa fayil suna da lambar rajista, loda aiki a fotal ya kuma tabbatar ya shiga, kashe makirfo da kyamara, da sauke darasi ya ajiye don karantawa ba tare da data ba. Duk wannan bai fi zaman yamma ɗaya ba idan ka samu wanda ya iya ya nuna maka. Kada ka ji kunyar tambaya.

Amma babban shirin ba a yatsa yake ba, a hali yake. Ajin bulo da siminti yana tilasta maka: akwai lokaci, akwai takardar sa hannu, akwai abokin da zai buga maka ƙofa ya ce ka tashi mu tafi. Darasin da ke cikin waya ba ya kiran kowa. Kullum sai ka ce gobe, har ka wayi gari da saƙon murya 30 da ba ka saurara ba, jarrabawa saura kwana huɗu. Kuma wayar da darasin yake ciki, a cikinta hira take, a cikinta ƙwallo take.

Wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A Amurka, Di Xu da Shanna Jaggars na Jami'ar Columbia sun bi sakamakon dubban ɗaliban kwalejojin shekara biyu a jihohin Bajiniya da Washinton, makarantun da suka yi kama da namu ta fuskar koyar da sana'a. Sun gano ɗalibai sun fi janyewa daga kwas, kuma sun fi samun ƙaramin maki, idan ta intanet aka yi shi. Giɓin ya fi faɗi ga maza, da masu ƙarancin shekaru, da waɗanda dama makinsu bai da ƙarfi. Ku lura, can ba a kukan wuta kamar mu. Ke nan ko an ba mu data kyauta, sai mun gyara hali.

Abin da ya taimake ni shi ne na ba darasin waya lokaci a jadawalina kamar kowace lakca, na kashe sanarwar sauran manhajoji idan na zauna, na kuma riƙa rubutu a littafi ina saurare. Sannan mu huɗu muka haɗa kai, duk Juma'a bayan masallaci mu tambayi juna inda kowa ya tsaya. Kunyar abokai tana aikin da takardar sa hannu take yi.

Mu yi lissafin data

A nan ne maganar ta shafi aljihu. Lakcar bidiyo mai matsakaicin kyau tana jan kamar megabit ɗaya a daƙiƙa. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, kuma bit takwas ne bayit ɗaya, ke nan kusan megabayit 450 a awa. Murya zalla kuwa ba ta wuce kilobit 80 a daƙiƙa, wato kamar megabayit 36 a awa.

A tsarin Hukumar NBTE, zango yana da mako 15 na koyarwa. Mu ƙaddara kana da kwas takwas, kowanne awa biyu a mako. Awa 240 ke nan. In duk ta bidiyo aka yi, kana buƙatar gigabayit 108. In ta murya ce, bai kai gigabayit 9 ba. Kowa ya duba farashin data a wayarsa ya ninka, ya kuma tuna cewa a Janairun 2025 Hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Zaɓin da malami ya yi tsakanin bidiyo da murya shi ne zai yanke ko ɗan talaka zai bi darasin ko zai bar shi. Shi ya sa na ce horon malami magana ce ta adalci.

Kuma akwai ranar da ko kana da kuɗin ba za su yi amfani ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. A Oktobar 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki babu wuta. Duk tsarin da bai tanadi hanya ta biyu ba, irin su takarda da aka buga ko darasin da za a tura daga waya zuwa waya ta Xender, bai san ƙasar da yake ciki ba.

Firaktikal fa?

Mu 'yan foliteknik muna da wani abu da ya bambanta mu. Manhajar karatunmu ta raba kusan kowane kwas gida biyu, bayani da aikin hannu, ga kuma SIWES da shekarar aiki tsakanin ND da HND. Ba a koyon walda ta WhatsApp. Ba wanda zai iya saita na'urar safiyo ko ya haɗa wayarin gida daga kallon bidiyo kawai. Hannu sai ya taɓa.

Amma intanet tana iya yi wa firaktikal hidima. Sau nawa muke shiga wokshof mu 60 a kan inji ɗaya, rabin lokacin ya tafi a bayani, na baya ba sa ji ba sa gani? Da za a turo bayanin da ƙa'idojin kiyaye haɗari kwana biyu kafin ranar, kowa ya kalla ya amsa tambaya biyar, da mun shiga sai aiki. Wannan gauraya, bayani a waya, aiki a wokshof, ita ce ta dace da mu.

Abin da nake roƙon ƙungiyarmu

Ga shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai, ina da buƙatu biyar da nake fatan za a kai gaban hukumar makaranta cikin ladabi.

Ɗaya, kada a mayar da kowane kwas intanet sai malaminsa ya halarci bita, kuma bitar ta ƙunshi tsara darasi, ba danna maɓalli kaɗai ba. Asusun TETFund yana tallafa wa horar da malamai da kayan fasahar sadarwa a manyan makarantun gwamnati, don haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Biyu, a makon karɓar sababbin ɗalibai a ware rana guda a cibiyar kwamfuta, kowa ya shiga fotal, ya loda fayil na gwaji da hannunsa. Ɗaliban sashen kwamfuta za su iya taimakawa.

Uku, makaranta ta tsayar da dandali guda. Yanzu wannan malami yana Telegram, wancan yana WhatsApp, wani yana imel, ɗalibi ya rasa inda zai duba.

Huɗu, duk lakcar kai-tsaye a naɗe ta a ajiye muryar, kuma kada a yi tes a kan darasin da ba a ajiye ba.

Biyar, a samar da wurin caji mai sola da wayafai a ɗakin karatu, a bar shi buɗe har dare, a kuma yi la'akari da 'yan uwanmu mata da ba sa iya fita neman caji ko sabis bayan Isha'i.

Kafin na rufe, in faɗi gaskiya: malamin nan na farko yana cikin waɗanda suka fi iya koyarwa a sashenmu. A gaban allo ba ya da na biyu. An tura shi gona ne ba fartanya, mu ma muka bi shi hannu rabbana. Na yi ƙarfin hali na same shi a ofis na nuna masa lissafin datar nan. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wallahi ban taɓa tunanin haka ba." Wannan zangon saƙon murya yake turowa.

Zango mai zuwa ma za a yi lakca ta waya, ko muna so ko ba ma so. Kai da ke karanta wannan, yau ka gwada shiga imel ɗinka. In ya ƙi, gobe ka nemi gyara, kada ka bari sai daren da za a rufe fotal.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya raba mu da keri-oba. Amin.